Me ya sa tauraro mai wutsiya, wanda ƙanƙara ce, yake fitar da hasken eksire?

Ɗalibin Fiziks: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. An koya mana cewa hasken eksire a sararin samaniya daga wurare masu tsananin zafi yake fitowa, sai ga shi na karanta cewa a watan Maris na 1996 tauraron ɗan'adam na ROSAT ya hango irin wannan haske daga tauraro mai wutsiya na Hyakutake, alhali jikinsa ƙanƙara ce da ƙura. Daga ina wannan ƙarfi ya samo asali?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙarfin ba na tauraron ba ne, aro ne daga rana. A kambin da ke kewaye da rana zafi ya haura digiri miliyan ɗaya, abin da ke sa atam ɗin oksijin, mai ilekturon 8, ya rasa 6 ko 7 daga cikinsu, ya zama ayon mai caji mai yawa. Iskar da ke kwararowa daga rana tana ɗauko waɗannan ayon da gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa, kuma da yake hanyar kusan wayam take, sai su iso a yadda suka baro gida, da yunwarsu ta ilekturon.

Da zarar irin wannan ayon ya kutsa cikin tururin ruwan da ke tashi daga jikin tauraron, sai ya fizge ilekturon ɗaya. Abin lura shi ne, ilekturon ɗin ba ya zarcewa matakin ƙarfi mafi ƙasa a cikin atam kai tsaye. Yakan sauka a wani mataki na can sama, sa'annan ya gangaro, kuma a faɗuwarsa ta ƙarshe, a ayon da ya rasa 7, yake sakin hasken eksire mai ƙarfin kusan ilekturon-bolt (ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske) 570, alhali hasken da idonmu ke gani bai wuce 2 zuwa 3 ba. Thomas Cravens ne ya kawo wannan bayani a 1997. Ni dai hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce siffar hasken, domin ya bayyana ne kamar jinjirin wata ta ɓangaren da ke fuskantar rana, ba a kan curin ƙanƙarar ba.

Malama Mai Awo: Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Zan ƙara da cewa na'urar hangen nesa ta Chandra ta tabbatar da hakan a 2000, lokacin da ta rarrabe layukan hasken oksijin da naitirojin daga wani tauraro mai wutsiya mai suna LINEAR. A ɗakin gwaje-gwaje na Livermore da ke Amurka kuwa, domin kwaikwayon abin da ke faruwa a sama, ana tsare ayon a cikin wata na'ura mai aikin tarko, ana ta harbinsu da ilekturon har a tuɓe musu nasu ilekturon, sa'annan a kashe harbin, a shigar da iskar gas a auna hasken da zai fito. Da irin wannan tarko ne aka tuɓe yuraniyam daga dukan ilekturon 92 a 1994.

Ɗalibin Fiziks: Na gode, Malama. Shin wannan shi ne kamun ilekturon da muke karantawa a darasin nukiliya?

Malama Mai Awo: A'a, suna ne kawai ya zo ɗaya. A can cibiyar atam ce take haɗiye ilekturon, furoton ya rikiɗe ya zama niyutiron, kamar yadda beriliyam-7 yake komawa litiyam-7, rabinsa a cikin kwana 53. A kan tauraro mai wutsiya kuwa cibiyar ba ta taɓuwa, oksijin yana nan a oksijin ɗinsa.