Shin haɗa kundin waƙoƙi sukutum yana da sauran amfani?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masu bibiyar kiɗan rock da pop. A nan Sakkwato, idan mutum ya je wurin masu tura waƙoƙi a waya, ɗaya-ɗaya yake zaɓa, da wuya ka ji wanda ya ce a zuba masa kundi gaba ɗaya. To me ya sa manyan mawaƙan ƙasashen waje suke ci gaba da kulle kansu a situdiyo suna haɗa kundi, wani ma da tsawon da ya wuce kima? Na Taylor Swift na 2024, The Tortured Poets Department, waƙa 31 ne a cikakken bugunsa.

Malamin Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Tsawon da kake kuka da shi lissafin kuɗi ne ya haife shi. Dandalin sauraron waƙoƙi na intanet, Spotify, yana ƙirga waƙa a matsayin an saurara da zarar ta yi daƙiƙa 30, kuma masu jera kundayen da suka fi kasuwa suna tara sauraron dukkan waƙoƙin da ke ciki, don haka mai waƙa talatin ya fi mai goma samun adadi ko da rabinsu cikon benci ne. A zamanin faifan garmaho kowace fuska minti ashirin da ɗoriya take ɗauka, dole mawaƙi ya tankaɗe ya rairaye. Tsofaffin ƙungiyoyin rock har yanzu wannan tarbiyyar ce a jikinsu: The Cure sun yi shekara 16 ba su fitar da sabon kundi ba, da suka dawo a 2024 waƙa takwas kacal suka kawo, kuma a ganina wannan ya fi mutunta mai sauraro.

'Yar Gawon Nama:
Malam ya yi bayanin kuɗi, ni kuma zan kawo misali daga ƙofar gida. Mdou Moctar, Buzun nan makaɗin gita ɗan jihar Tawa ta Nijar, a nan Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar nan na kwamfuta da aka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun bi memori da Bluetooth daga waya zuwa waya har suka ratsa Sahara, wato dai hanyar da ɗan'uwa mai tambaya ya bayyana. Amma abin da ya ba shi mazauni a cikin mawaƙan rock na duniya cikakkun kundaye ne, Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, domin maganar da yake yi kan mulkin mallakar Faransa da halin da Tamashek, harshen Buzaye, yake ciki ba ta ƙarewa a waƙa guda. Wanda ya tsinci ɗaya a tsakiya, amon gita kawai zai ji.

Ɗan Mabera:
Na gode, Malam da 'yar'uwa. Sai dai har yanzu ina ganin mai sayen data da guminsa ba zai sauke waƙa 31 ba. Zan fara da na mutumin Tawa, tun da a garinmu ya soma. Wanne kike ganin ya kamata in fara ji?

'Yar Gawon Nama:
Ka fara da na 2021, ka bi shi a jere kamar yadda suka tsara shi, kada ka tsallake masu sanyin kiɗa.