"An shirya ta kamar 'yar talla": yadda aka kwashe a guruf ɗin unguwa

Maman Habsatu Tela (Garwa): Salamu alaikum. Yau dai sai na amayar da abin da ke cikina. Daren jiya da aka kawo wuta, yaran nan suka kunna tsohon Star Trek, shirin talabijin ɗin nan na Amurka na jirgin sararin samaniya, na 1966. Jirgi ɗaya, aiki ɗaya, maza sun sha wando har ƙasa, mata kuwa riga iya cinya. Wata a cikin matan, Uhura, laftanar ce fa, ita ke riƙe da sadarwar jirgin gaba ɗaya, amma an shirya ta kamar 'yar talla. Shekara ashirin ina kan keke, na san ɗinkin aiki, na san ɗinkin zo-ka-gan-ni.

Hajjo Mai Ƙosai: Tsaya tukuna. 'Yar talla me ta yi miki?

Maman Habsatu Tela: Hajjo, misali ne na kawo.

Hajjo Mai Ƙosai: Misali da mu? Da faranti a ka na tashi, da shi na aurar da ƙannena biyu. Yaushe kika ga 'yar talla a kasuwar Garwa da riga iya cinya? Yaranmu da hijabinsu suke fita.

Malam na Lise (Marwa): Ku yi haƙuri in sa baki. Ita Nichelle Nichols da ta fito a Uhura ba ta taɓa jin kunyar rigar ba, a Amurka ta lokacin yayin gajeren siket ake yi. Da ta so barin shirin, Martin Luther King ne ya roƙe ta ta zauna, don baƙar mace a kujerar hafsa abu ne da ba a saba gani a talabijin ba. Daga baya ta taya NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, neman mata da baƙaƙe da za a ɗauka aiki, kuma Mae Jemison da ta je sararin samaniya a 1992 ta sha faɗin cewa Uhura ce ta zaburar da ita.

Hajjo Mai Ƙosai: Malam, ba wannan ake yi ba. A janye kalmar.

Ɗan Kuseri: Talla ai sana'a ce, amma gaskiya ba aikin ofis ba ce. Mai aikin ofis shi ne mai inifom.

Baffa Mai Shanu: To ni da ba ni da inifom zaman banza nake yi ke nan? Yaro, ka iya bakinka.

Ɗan Kuseri: Allah ya huci zuciyarka Baffa, ba da kai nake ba.

Zainabu Nas (Njamena): Anti Maman Habsatu na da gaskiya, ku ne kuka bar jaki kuna dukan taiki. A gwajin farko na shirin mata wando suka sa, daga baya aka cire. A Voyager, wani Star Trek ɗin da aka yi daga baya, kyaftin ɗin ma mace ce, Janeway, da cikakken inifom, sai a 1997 aka kawo wata mai suna Seven of Nine cikin kaya masu matse jiki har numfashi na gagarar 'yar wasan. Ita kuwa Troi, wata ma'aikaciyar jirgi a Star Trek ɗin da aka fara a 1987, sai a zango na shida wani kyaftin ya ce ta sa inifom irin na kowa. Ni da nake duti na dare, a ba ni wannan ɗinkin in ɗaga marar lafiya da shi?

Ɗan Kuseri: Ku 'yan Njamena komai sai kun nuna kun fi kowa sani. Gobe ma a gadar Ngeli za mu gan ku kun ƙetaro sayayya.

Zainabu Nas: Da kuɗinmu muke zuwa, da su kake cin abinci.

Inna Asabe: Tunda an zo maganar ɗinki, Maman Habsatu, ina atamfata ta ƙaramar salla? Har babba ta wuce.

Maman Habsatu Tela: Inna, don Allah wannan ta waya ce.

Hajjo Mai Ƙosai: Ahaf! Mu dai 'yan talla ba mu taɓa karɓar kuɗin mutum muka ce ya dawo bayan salla ba.

Malam na Lise: Af, a farkon shirin 1987 har maza an nuna da irin gajeriyar rigar.

Baffa Mai Shanu: A'uzubillahi. Malam, ka goge wannan.

*Zainabu Nas ta fita daga guruf.*

Admin (ƙanen Hajjo): To jama'a, na rufe. Ga abin da aka tsayar: kowa ya yarda talla sana'a ce mai mutunci, kuma wadda ta fara maganar ba ta kawo hujja ko ɗaya ba. Malam ya tabbatar cewa ita matar fim ɗin ma ba ta yi ƙorafi ba. Abin da Zainabu ta rubuto ya yi tsawo, ban karanta ba, kuma ta tafi da kanta. Maman Habsatu, ki ba Yaya Hajjo haƙuri, ki kuma kai wa Inna atamfarta kafin Juma'a.