Wanda ya ci amanar kuɗi, addu'ar tuba kaɗai ta isa?

Ɗan'uwa daga Kafanchan: Salama gare ku. Idan Kirista ya ci kuɗin da aka ba shi amana, ya durƙusa ya roƙi Ubangiji gafara, shi ke nan? Ko sai ya nemi mai kuɗin?

Dattijon ikilisiya: Ɗana, gafara kyauta ce, jinin Yesu ya biya. 1 Yohanna 1:9 ta ce idan mun furta zunubanmu, Allah mai aminci ne, zai gafarta. Amma ka ambaci laifin da sunansa, ka ce sata ce, kada ka ce "kuskure". Bayan haka ka je wurin mai kuɗin. Zakka mai karɓar haraji ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:8). Idan babu halin biya gaba ɗaya, ku rubuta adadin, ku tsayar da abin da za a riƙa bayarwa duk wata, da shaida ɗaya ko biyu.

Maman zumunta: Gaskiya ne, Baba. Inda ake tuntuɓe shi ne ɗaukar nadama a matsayin tuba. Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, shi ma ya yi nadama, har ya mayar da azurfa talatin, amma bai koma ga Ubangiji ba. Bitrus, wanda ya yi musun sanin Yesu, ya yi kuka mai zafi, ya koma, aka danƙa masa kiwon tumaki, wato masu bi.

Malamin makarantar Lahadi: Idan mai kuɗin ya rasu, a kai wa magadansa. Kuma kada a zuba a baiko a ce an biya. Matiyu 5:23-24 ta ce sulhu tukuna, sannan baiko.