RAV4 ta 2019: mai fetur zalla ko haibirid, wacce ta fi sauƙin riƙo a Kano?

Baban Yara:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san mota. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, tsohuwar motata mai silinda shida ta fi ƙarfin albashina. Lita da muke saye ƙasa da naira 200 sai ga ta ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, ko da yake ta ɗan sauko daga baya. Na sayar da motar, na haɗa da kuɗin adashi, ina son na ɗauki Toyota RAV4 ƙirar 2019 ko 2020, 'yar Beljiyam. Dole sai mota mai tudu, domin Hajiyarmu tana ƙauye gaba da Bichi, kuma hanyar garinmu da damina ƙaramar mota ba ta shiga.

Dillali ya nuna mini guda biyu, ɗaya mai fetur zalla, ɗaya haibirid mai haɗa fetur da batir, wadda kuɗinta ya fi sosai. Yawancin tuƙina cikin gari ne, daga Rijiyar Zaki na sauke yara makaranta, na bi ta Kabuga zuwa wajen aiki a Sabon Gari, kimanin kilomita 1,200 a wata. Tsorona batirin nan ne, da samun bakaniken da ya iya ta. Shin rarar man za ta biya bambancin kuɗin?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam Baban Yara. Mu fara da alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka, tunda galibi daga can ake kawo su. RAV4 ta 2019 mai injin lita 2.5 da giya takwas tana shan kusan lita 9 a kowace kilomita 100 cikin gari, da lita 6.7 a babbar hanya. Haibirid ɗin kuwa lita 5.7 cikin gari, 6.2 a babbar hanya. Ka ga abin ya juye, ta fi tattali a cikin cunkoso, domin idan ka tsaya a danja injin yana mutuwa, kuma duk birkin da ka taka yana cajin batir.

A kilomita 1,200 ɗinka na cikin gari, mai fetur za ta sha lita 108, haibirid lita 68. Rarar lita 40 ke nan a wata. In muka ƙaddara lita a naira 1,000, ka tsira da 40,000 a wata, 480,000 a shekara. Raba bambancin kuɗin motocin da wannan adadin, za ka ga shekarun da za ta ɗauka kafin ta mayar maka. Da a ce Kano zuwa Abuja kake zirga-zirga, rarar a kilomita 1,200 ɗin ba za ta wuce lita 6 ba, da ban ba ka shawarar ka ƙara ko kwabo ba. Amma ka sani a zafin Afrilu, da esi a kunne tun safe, dukkansu za su sha fiye da wannan.

Mai Gareji:
Alhaji, lissafin Malam ya yi daidai, amma fetur kaɗai ya lissafa. Ni abin da nake gani a gareji shi zan faɗa maka.

Injin nan baƙin mai 0W-16 aka rubuta masa, siriri ne ƙwarai, kusan lita huɗu da rabi yake ci. In ba a samu ba a zuba 0W-20. Sai mutum ya kashe miliyoyi ya sayi mota, ranar juye ya ce a zuba masa 20W-50 na tsohuwar tasi saboda araha. Daga nan shan mai ke ƙaruwa, injin ya fara gajiya kafin lokacinsa. Sayen na gari mayar da kuɗi gida ne, kuma ka riƙa saye da kanka wajen dila amintacce, don jabu ya yi yawa a kasuwa.

Batirin haibirid yana ƙarƙashin kujerar baya, fanka ce take sanyaya shi da iskar cikin mota. Akwai 'yar taga a gindin kujerar, da raga a bayanta. Wata mota da aka kawo mini bayan hunturu, da na cire ragar sai na tarar ƙura ta danƙare ta yi kauri, har da ledar biskit ɗin yara manne a jiki. Zafi ne ke kashe batirin nan, ba shekaru kawai ba. Share ragar ba ya cin minti goma, amma kaɗan ne suka san da ita.

Kafin ka biya, a sa mata kwamfuta a duba lafiyar batirin sashe-sashe. A ɗaga ta a leƙa ƙasa, akwai kebul ruwan lemo da ke zuwa injin lantarki na baya. Waɗanda suka zauna a Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, an san kan kebul ɗin yana tsatsa a ƙirar 2019 zuwa 2021, kuma canza shi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Garantin can kada ka sa shi a lissafi.

Maman Biyu:
Yaya, ni haibirid nake hawa kuma ban yi nadama ba, amma ka ware kuɗin da ba a gani. Tayarta 225/65R17 ce, huɗu a lokaci guda sai ka ji a jikinka. Inshorar dole ta koma naira 15,000 daga 5,000 tun Janairun 2023, cikakkiyar inshora kuwa ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara. Ranar da mai adaidaita sahu ya goge mini fitilar gaba, na zagaya kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ban samu ba, sai daga Legas aka aiko. Kayan tsofaffin RAV4 suna ko'ina, na wannan ƙirar ba su wadata haka ba. Kuma don Allah ka guji man 'yan bumburutu. Ba mu manta da gurɓataccen man Fabrairun 2022 da ya lalata motocin mutane ba.

Baban Yara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, batun fitilar nan ya sa zan yi cikakkiyar inshora ko da ta shekarar farko ce. Zuciyata ta karkata ga haibirid, tunda a cunkoso nake yini. Oga, in na karɓi lambar shasi wajen dillali, za a iya gane inda motar ta zauna?

Mai Gareji:
Ƙwarai kuwa Alhaji. Lambar haruffa da lambobi 17 ce, tana gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da ita za a ciro rahoton Carfax, ka ga jihar da aka yi mata rajista, da ko ta taɓa haɗari ko ambaliya ta ci ta. In ka ga ambaliya, bar ta komai araharta. Ka kuma tabbatar lambar ta yi daidai da ta takardar kwastan kafin ka ba da kafin alƙalami.