Neman shawara: Oga ya ɗora mini BGP, saura mako biyu

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsawon bayani. Shekarata uku a wani ƙaramin kamfanin intanet a Kano. Da hawa ƙarfe na fara, ina ɗaura rediyo cikin rana, daga baya aka dawo da ni ofis saboda na yi CCNA, jarrabawar aikin sadarwa ta kamfanin Cisco, har babur ɗina na sayar don kuɗin jarrabawa. Wanda ke riƙe da rautocinmu, wato na'urorin da ke zaɓa wa bayanai hanya, ya samu aiki a Abuja, ya tafi bai bar ko takarda ɗaya ba, yanzu ko wayata ba ya ɗagawa. Oga ya karɓo lambar AS (lambar shaidar kamfani a intanet) da /24 (jerin adireshin IP 256) daga AFRINIC, hukumar da ke raba su a Afirka, ya jawo layi na biyu daga wani kamfani, ya ce in ɗaya ya yanke ɗayan ya ɗauka. Aikin BGP ke nan, tsarin da kamfanonin intanet ke sanar da juna hanyoyi da shi. Ni ko OSPF, na musayar hanyoyi a cikin gida, a aji kawai na taɓa shi. Na haɗa gwaji a GNS3, manhajar kwaikwayon sadarwa, da manhajar rauta ta FRRouting (FRR). Kwana biyu maƙwabcin, wato rautar da nake haɗuwa da ita, yana nuna Active, ina ta murna, ashe bai ma tashi ba. Yanzu ya tashi, amma ko hanya ɗaya ba ta shigowa. Barci ya gagare ni. Ta ina zan fara?

Tsohon hannu: Ƙanena, da wasa ka fara. Ajiye wannan FRR ɗin, ka ce wa oga ya sayi rautar Cisco. Ka karɓi cikakken tebur, wato duk hanyoyin intanet, daga layukan biyu, ka ɗaga local preference, lambar fifikon hanya, a wanda ka fi so, ka maimaita lambar AS ɗinka sau uku a ɗayan. Shi ke nan. Kafin a haifi wasu a nan nake wannan aikin.

Injiniya daga Kaduna: Malam, buga show ip bgp summary. In ka ga Policy a gurbin adadin hanyoyi, ba abin da ka ɓata. Sababbin FRR ba sa karɓa ko tura komai ga maƙwabcin waje sai an sa filta, wato rariyar tace hanyoyi, bisa ƙa'idar intanet ta RFC 8212. Kuma sai /24 ɗinka tana cikin teburin rauta daidai yadda ka rubuta ta, in babu ka rubuta mata hanya zuwa Null0, ƙofar wofi, don ta bayyana a teburin. Ba ka faɗa mana wace rauta ce a ofis ba, kuma RAM ɗinta nawa?

Mai tambaya: Na gode Hajiya, Policy ɗin na gani kuwa. Na samu umarnin da ke kashe shi, na kashe, hanyoyi sun shigo. Filta sai daga baya in komai ya zauna.

Injiniya daga Kaduna: Daga baya? Kana da layi biyu ba rariya, abin da ka ji daga wannan za ka kwashe ka faɗa wa wancan, ka zama titin kowa. A Nuwamba 2018 irin haka ta faru da kamfanin intanet na MainOne a Legas, hanyoyin Google suka zube, zirga-zirgar ta bi ta Rasha da Sin fiye da awa ɗaya. Ka tura /24 ɗinka kaɗai, ka yi mata ROA a AFRINIC, shaidar cewa lambar AS ɗinka ce ke da ikon sanar da ita.

Ɗan Damagaram: Kai dai ka gode Allah oganka ya san AFRINIC. Namu in layi ya yanke ƙarfe biyu na dare ni zai kira, in gas ɗin janareta ya ƙare ni ne, albashi kuwa wata biyu shiru. Ran nan ɓera ya ci waya, aka ce saitina ne.

Tsohon hannu: Hajiya tana tsorata yaro. Manyan kamfanoni suna tacewa daga wajensu.

Injiniya daga Kaduna: Yallaɓai, a 2008 da kamfanin sadarwar Pakistan ya ɗauke YouTube daga duniya, ai babban kamfanin da ke ba shi layi ne ya bari ta wuce. Cikakken teburin da ka ce kuma ya haura hanyoyi 900,000. Yaron da ke koyo, hanyar fita guda daga kowane layi ta ishe shi.

Tsohon hannu: Hanya guda aikin masu shagon buga takardu ne.

Mai tambaya: Gaskiya Baba ya fi kusa da abin da oga ke so, don ya ji ana cewa cikakken tebur, shi ma shi yake nema. Cisco ce dai ba kuɗinta. Filtar ma ba ƙi na yi ba, lokaci ne babu, kuma a gwajina ban ga ta hana komai ba.

Ɗan Damagaram: In ta fashe kai za su kora, ba ogan ba. Ni dai na faɗa.

Injiniya daga Kaduna: Gwajinka rauta nawa ne? Sa uku, ka zauna a tsakiya, ka duba abin da kake turawa kowane ɓangare. Har yanzu ba ka faɗi rautar ofis ba.

Mai tambaya: Kwamfutata ba ta ɗaukar uku, zafi take ta mutu. Rautar tana cikin keji, mabuɗin yana hannun oga, sai Litinin. Af, ɗaya kamfanin ya turo fom yana tambayar AS-SET ɗinmu. Shi kuma mene ne?