Inda aka tsaya kan babur ɗin zaga duniya

'Yan uwa, ga abin da na tattaro daga tattaunawar da aka yi kan wane babur ya fi dacewa da zaga duniya, da yadda za a kare shi daga ɓarayi:

1. Kusan kowa ya yarda: sayi wanda za ka iya ɗagawa kai kaɗai in ya faɗi cikin yashi, wanda bakaniken ƙauye zai iya gyarawa.

2. An rabu kan girma. Wasu na son babban BMW GS don daɗinsa a kwalta, amma ya kai kilo 250. Masu Honda CRF300L sun ce nasu bai kai 150 ba, ga ƙarancin shan mai. Ni ina bayansu.

3. Tsaro: sarƙa da kwaɗo, a ɗaure jikin ƙarfe, a lulluɓe da tsohon tamfol. Da dare a shigar harabar masauki.

Na'urar bin sawu kuwa, wadda ke nuna inda babur yake in an sace shi, wasu sun ce banza ce inda babu sabis.