Neman shawara: zan sa wa tsohuwar Hilux sabon inji

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da a-kori-kura Hilux ƙirar 1992, mai jan ƙafa huɗu, injinta 22R na fetur mai kafireto. Da ita nake ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Jikinta garau yake, shasi bai taɓa ganin walda ba, amma inji ya gaji. An yi masa ringi, an gundure shi, yanzu ga shan baƙin mai ga shuɗin hayaƙi da safe, in kuwa na yi lodi na zo hawa sai na dawo giya ta biyu tana ta kuka.

Bakanikena ya ce in bar asarar kuɗi, in je Kofar Ruwa in sayo injin 2TR na Hilux ɗin zamani, wai aikin kwana biyu ne. Zai zauna a wannan motar kuwa? Kuma zai rage shan mai? Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 rabin ribar lodi a gidan mai take ƙarewa. Masana a taimaka, Allah Ya saka da alheri.

Bakanike daga Panteka, Kaduna:
Wa alaikumus salam Alhaji. Zama zai zauna, amma wannan kwana biyun ban san inda ya samo shi ba. Tambaye shi ko ya taɓa yin aikin da hannunsa, ya nuna maka motar tana tafiya.

22R lita 2.4 ne, ba ya buƙatar komai sai fetur da wuta. Shi kuwa 2TR lita 2.7 ne, ya fito a 2004, kuma komai nasa na hannun birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Ko totur ɗinsa ba waya ba ce, fedar ce ke aika saƙo ta lantarki. Ka ga in ka sayi inji tsirara, ba birenbos, ba damin wayoyinsa, ba feda, to ƙarfe ka saya ka ajiye. Sannan kujerun injin ba za su hau wurin na da ba, sai an yanka an yi walda. Salansar 22R ta hagu take fita, ta wannan ta dama, sai an ja sabon bututu. Kaskon baƙin mai na ƙasa ma a mota mai jan ƙafa huɗu yakan yi karo da aksul ɗin gaba ko sandar sitiyari. Na ga wadda aka haɗa ba a lura ba, ramin farko da ta faɗa kaskon ya lotse.

Ni da motata ce, 3RZ zan nema. Shi ne wanda 2TR ya gada, an yi shi daga 1994 zuwa 2004, shi ma lita 2.7, dokinsa wajen 150, alhali 22R naka ko yana sabo ɗari da 'yan kai ne. Totur ɗinsa na waya ne, wayarin ɗinsa bai kai na 2TR rikici ba. Duba giyarka kuma: in W56 ce, ana cire mata bakin da ke haɗuwa da inji a ɗaura na W59, sai ta karɓi 3RZ. In ba ita ba ce, ka sayo injin da giyarsa tare, ka sa rai za a taɓa tsawon farfela.

Direban lodi, hanyar Mai'aduwa:
Malam ka bar motarka da 22R. Nemi wani ɗan Belgium mai lafiya ka ɗora, da safe a fara, da yamma ka tafi gida. In ya tsaya maka a daji, da sifana da sukundireba za ka tashe shi. Mai birenbos in ya ƙi tashi a ƙauye wa za ka kira?

Bakanike daga Panteka, Kaduna:
Gaskiyarka direba, sai dai 22R mai lafiya yanzu wuyar samu gare shi. An daina yin sa tun shekarun 1990, wanda za a sayar maka ya girmi wasu yaran shagona.

Mai wayarin, Sabon Gari:
Oga na Panteka ya gama magana a kan ƙarfe, bari in ƙara ta wuta da mai, don a nan ne ake kuka daga baya.

Famfon man da ke jikin 22R ɗan ƙaramin ƙarfi gare shi, kafireto kawai yake cikawa. Injekta tana son matsin da ya ninka wannan wajen sau goma. Dole a sa famfon lantarki, an fi so a cikin tanki, da tiyon da zai jure matsin, da layin da zai mayar da ragowar mai. Kada ka yarda a haɗa maka da tsohon tiyon kafireto a ɗaure da waya. Fetur ne zai yi feshi a kan inji mai zafi. Tankin ma a sauke a wanke, tsatsar shekara talatin tana ciki, ita za ta toshe nozul.

In 2TR ɗin ka nace, tambayi mai sayarwa ko birenbos ɗin mai makullin tsaro ne. Wasu ba sa barin inji ya tashi sai da makullinsu na asali. Shi ya sa nake ce wa mutane su sayi rabin mota, wato gaban da aka yanko da inji da giya da wayoyi da lagireto duk daga mota ɗaya. Ya fi tsada a ranar, amma ba za ka yi ta zarya kasuwa neman soket ɗaya ba.

Wani abu kuma, akwai masu cewa a cire injektar a dasa kafireto a huta. A 3RZ na farko-farko mai distiributa ana yi, yana tafiya. A 2TR kuwa babu distiributa, kowane fulogi da koyil ɗinsa. Kuma in za a mayar da shi kafireto, ina amfanin kuɗin da ka kashe?

Wani memba daga Maraɗi:
Me zai hana ka koma gas, wato dizal? A nan Hilux masu injin 5L ne ke shiga yashi da kaya, ba birenbos, ba fulogi.

Mai wayarin, Sabon Gari:
Ɗan'uwa 5L inji ne na kirki, amma a wajenmu litar gas ta fi ta fetur tsada, kuma giyar 22R ba ta kama shi haka nan. Aikin sai ya fi na 3RZ yawa.

Dattijo mai motocin haya, Gusau:
Yaro, kowa ya yi maka maganar tafiya, ba wanda ya yi ta tsayawa. Motar da ta saba rarrafawa da lodi za ta fara gudu da shi, birkin kuwa na 1992 ne. Ka gyara birki gaba da baya, ka duba sifirin da tayoyi kafin ka ɗora buhu ko ɗaya. Kuma ƙarfin inji ba ya ƙara wa shasi ƙarfi. Masu ƙara buhu biyar don inji ya yarda su ne ke karya aksul.

Batun shan mai, kada ka sa rai da yawa. Injekta mai lafiya ta fi gajiyayyen kafireto tattali, wannan haka ne, amma injin ya fi girma, ƙafarka kuma za ta ji daɗi ta riƙa takawa.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da sunan shagon, ka je ofishin lasin a canza lambar a takardun mota. In ba haka ba, duk shingen da aka buɗe bonet aka ga lamba ta saɓa, kai da lodinka za ku wuni a gefen titi. Kafin ka biya kuma a tayar maka da injin a ƙasa ka ji da kunnenka, ka buɗe murfin baƙin mai ka leƙa, in ka ga kamar madara a jiki ka wuce shago na gaba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Baba na Gusau, na ji batun birki, da shi zan fara. Na nuna wa bakanikena saƙonninku, ya ce gaskiya 2TR a Hiace kawai ya taɓa sauya shi, inji ya fita irinsa ya shiga. Mun tsaya a kan 3RZ rabin mota. Oga na Panteka, a ina ake ganin lambar giyar nan? Mun leƙa ƙasa, duk laka da baƙin mai sun rufe.

Bakanike daga Panteka, Kaduna:
Ba sai ka shiga ƙasa ba Alhaji. Buɗe bonet ka nemi ɗan farantin ƙarfen da kamfani ya manna a bango, akwai layin giya da aksul a rubuce. Ɗauko hotonsa ka turo. Sai dai in an taɓa canza giyar a baya, to a wanke ta ka ɗauko mana ita ma ta gefe.